Inda Aka Kai Buntun

Shekara goma sha bakwai ya yi yana jan babbar motar kamfanin batir, kuma duk tsawon lokacin nan Direba ake kiransa, sai da 'yar ƙanwarsa ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da ta fara zuwa ta hango shi a bakin get, ta ɗan rusuna ta ce, "Kawu, ina kwana." Shi ke nan suna ya bi shi. Masu gadi Kawu, leburori Kawu, har Manaja in yana cikin raha Kawu yake cewa. Shi ma ya rama, ya laƙaba mata Injiniya. Ta yi ta gaya masa ita ba injiniya ba ce, ilimin sinadarai ta karanta.

"Duk wanda na gani da farar riga da hular kwano injiniya ne," in ji shi. "Ki bar ni in yi alfaharina."

A bayan katangar kamfanin akwai wata magudana da ruwan wankin tsofaffin batura yake bi ya fita. Ruwa ne toka-toka, ko ciyawa ba ta tsirowa a gefensa, kuma yana ɗauke da gubar dalma. Injin da aka taɓa sayowa don tace shi ya daɗe da mutuwa, kaji har sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Injiniya ta shafe wata biyar tana gwaji a kan teburinta da kwalabe, tana tura Kawu ya kwaso mata tarkace iri-iri: ɓawon gyaɗa, totuwar masara, garin katako, buntun shinkafa. Daga ƙarshe buntun ne ya fi kama gubar, in an wanke shi, an shanya, an ɗan babbaka shi ya yi baƙi. Aka jera manyan tankuna shida a bayan ma'aikata, aka cika su da baƙin buntu, ruwan ya riƙa shiga ta saman na farko yana fita ta ƙasan na shida.

Ranar da aka buɗe famfon ƙarshe Kawu yana tsaye a wurin. Ta tari ruwan a kofin gilashi ta ɗaga shi sama. Garau yake. Ya miƙa hannu da wasa kamar zai karɓa ya kurɓa, ta buge masa hannu.

"Kawu! Ban ce na sha ba ne."

"To ina gubar ta tafi?"

Ta ja shi zuwa tanki na farko, ta ɗaga murfin, ta nuna masa jiƙaƙƙen buntun.

"Ga ta nan. Dalma ba ta mutuwa, Kawu, wuri kawai take sakewa. Da tana cikin ruwa, yanzu tana cikin wannan. In ya ƙoshi za a kwashe, ya bushe a rumfar can, a ɗure a buhu, kai kuma ka kai shi ramin siminti. Kada a ƙona shi, kada a zubar da shi a ƙasa, kada ka taɓa shi ba safar hannu. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ramin siminti."

Ramin yana wajen gari, tafiyar minti arba'in, an dabe shi da siminti an kewaye shi da waya. Duk Talata da Asabar Kawu yakan loda buhunan ya kai, ya dawo ya leƙa ta tagar ɗakin gwaji. Takan ɗago kai daga kan kwalabenta ta ce, "An kai?" Ya ce, "An kai." Ta sa hannu a takarda. Haka suka yi wata tara.

Sai ramin ya cika. Wata Asabar ya je ya tarar buhuna sun yi tozo har sun fi wayar tsawo, mai gadin wurin ya ce ba inda zai sa ko ɗaya. Ya juyo da kayansa ya wuce kai tsaye ofishin Manaja.

Manaja mutum ne mai sanyin murya, ba ya tsawa. Ya ba shi kujera, ya ce an riga an yi maganar haƙa rami na biyu, takardu ne suke tafiya. Kafin nan, akwai tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa, can bayan unguwar su Kawu. Ya zuba a nan na ɗan lokaci, in an gama sabon ramin a kwashe.

"Ranka ya daɗe, ita Injiniya cewa ta yi..."

"Na san abin da ta ce. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma ka san halinta. In ta ji, takarda za ta rubuta, ta ɗaga murya a gaban manya. Su kuma manyan nan tun farko ba son tankunan nan suke yi ba, ni na tsaya mata. Su rufe abin, su sallame ta, wa aka cuta? Sati uku ne, Kawu. Bai kai a tayar mata da hankali ba."

Kawu ya fito yana juya maganar. Ya tuna yadda ƙanwarsa ta sha wahala kafin yarinyar nan ta gama karatu, da shekara biyun da ta yi a zaune tana neman aiki. Ya kai buhunan wurin fasa dutsen, ya jera su a wani lungu, ya lulluɓe da tsohon tamfol, ya danne da duwatsu. Da ya dawo ya leƙa ta taga.

"An kai?"

"An kai."

Bai yi ƙarya ba, haka ya gaya wa kansa. Kaiwa dai an kai.

Sati uku suka zama wata biyu, ba a ko sari ƙasa a wurin sabon ramin ba. Damina ta sauka da ƙarfi, itace ya jiƙe, gawayi ya yi wuya. Wata Talata da ya isa da lodi ya tarar babu tamfol, an farke buhuna, mata huɗu suna ɗiba a kwanuka da bokitai. Ya diro daga mota yana ɗaga hannu.

"Kai! Ku bari! Guba ce a ciki!"

Suka miƙe suna dubansa. Duk ya san su, 'yan layinsu ne da na baya. Ɗaya daga ciki, mai kiwon kaji a ƙarshen layi, ta riƙe ƙugu.

"Wace irin guba, Baba Direba? Wata guda muna girki da shi. Ka ga gawar wani?"

"Ba nan take take kisa ba."

"To in ta tashi kisan ta same mu da abinci a ciki. Ka san yadda yake ci kuwa? Ba hayaƙi, ba fifita. Ni har ƙarƙashin kajina na shimfiɗa shi, ɗakin ya daina wari."

Suka yi dariya. Ya kore su, suka koma gefe suka tsaya, yana tayar da mota ya hango su ta madubi sun dawo. Ya yi niyyar gaya wa Manaja, ya kuma gaya masa. Manaja ya ce zai sa a turo mai gadi. Ba a turo ba.

A gida matarsa ce ta tare shi da maganar. Tana durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, idonta ya yi ja, hawaye na zuba.

"Ashe baƙin buntun nan da duk layi ake girki da shi daga motarka yake fitowa? Sai a bakin maƙwabta zan ji? Kowa ya huta sai matar mai kaya."

"Ba abin girki ba ne. Yarinyar nan ta ce da guba."

"Kai da kake dakonsa wata da watanni, me ya same ka?"

"Ina sa safar hannu."

"Safar da ta yage tun bara? Ga ta can a saman taga."

Ya dubi saman tagar. Gaskiya ne, ya daɗe yana lodi da hannu, kuma ban da ciwon kai da yake ɗan damunsa da yamma, lafiyarsa ƙalau. Ya ƙi a ranar, ya ƙi washegari. Ran Asabar, da ya ga ta kwana tana tari saboda hayaƙi, ya tsaya a ƙofar gida ya sauke buhu biyu. Ya ce ta riƙa girkin a tsakar gida inda iska take, ta kuma wanke hannu. A ganinsa ya yi taka-tsantsan.

Buntun ya ci wuta kamar yadda aka faɗa. Tokarsa fara, mai laushi. Matar tana goge tukwane da ita su yi ƙyalli, ragowar ta watsa a ɗan lambun da ta yi a gindin katanga, inda take da tumatir da alayyafo. Buhu biyu suka ƙare, ya kawo huɗu. Tunda ya kawo wa gidansa, ba shi da bakin hana maƙwabta. Mai gidan burodin bakin titi ya aiko a tambaya ko za a riƙa sauke masa goma-goma, ya rage wa motar nauyi. Aka riƙa saukewa. Kawu bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba, sai godiya da addu'a. A 'yan watannin nan babu wanda ake gaisarwa a layin kamarsa.

A gidan akwai jikarsu, 'yar babbar 'yarsu, shekararta uku da rabi. Uwarta tela ce, tana da shago a kasuwa, kullum da safe takan ajiye ta wurin kakanni ta ɗauke ta da yamma. Kawu ne ya sa mata suna Rediyo, don tun daga buɗe ido har rufewa bakinta ba ya hutawa. Ta ba kaji labari, ta yi wa tsintsiya faɗa, ta tare shi a ƙofa ta tambaye shi me ya sa motarsa take da ƙafa shida shi yana da biyu. Wurin wasanta gindin katangar nan ne, kusa da lambu. Tana da gwangwanaye uku da take cikawa da toka tana cewa girki take yi, ta kawo masa ya ɗanɗana, ya yi kamar ya ci ya ce gishiri ya yi yawa, ta ce ai shi bai iya cin abinci ba.

Abin ya fara da ciwon ciki. Aka ce tsutsa ce, aka ba ta magani. Ta daina cin abinci, ta yi fari fat, ta riƙa kuka ba dalili, ta cije kakarta a hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, aka yi allura uku. Sai surutun ya ragu. Kawu ya dawo aiki ya same ta zaune a bakin ƙofa, ya ce, "Yau an ɗauke wuta ne a gidan rediyon?" Ta dube shi kawai ta kwantar da kai a jikin ƙyaure.

Wata Laraba da azahar, kakar tana tankaɗe, ta ji faɗuwar gwangwani. Ta waiwaya ta ga yarinyar a ƙasa, jikinta ya sandare, idanu sun juye, ƙafafu suna bugun ƙasa. Ihunta ya tara layin. Kafin a kira Kawu daga kamfani an riga an kai ta asibiti a motar mai burodi.

Kwana biyu likitoci suna nema ba su gane ba. Ba sanƙarau ba ne, ba zazzaɓi ba ne. Uwar tana gefen gado ba ta ci ba ta sha. A rana ta uku Injiniya ta nemi izini a wurin aiki ta zo dubiya, kakar ta roƙe ta ta biya gida ta ɗauko wa yarinyar kayan sawa da bargo. Kawu ya ce zai kai ta. Har suka isa ƙofar gida bai tuna da komai ba. Sai da ya tura ƙyauren, ya ga buhuna uku jingine a rumfar girki, sannan ya tuna.

Injiniya ta tsaya cak. Ta taka a hankali zuwa rumfar, ta buɗe bakin buhu ɗaya da ɗan yatsa. Ta dubi murhun. Ta dubi tokar da ke cikin kwano kusa da wurin wanke-wanke, ta bi ta da ido har gindin katanga, inda gwangwanaye uku suke a jere.

"Kawu, wannan daga ina?"

Ta juyo ta dube shi.

"Sabo ne daga injin casa, ko? Ka ce mini sabo ne ka babbaka da kanka."

"Ramin ne ya cika."

"Yaushe?"

"Kafin damina."

Ta lissafa da yatsu. "Wata bakwai. Wata bakwai ina tambayarka an kai, kana ce mini an kai."

"Manaja ne ya ce sati uku. Ya ce in kin ji za ki yi rigima su kore ki. Ni aikinki nake..."

"Aikina?" Muryarta ta fashe. "Kawu, na kama hannunka na kai ka gaban tankin. Na buɗe na nuna maka. Da wane yare zan faɗa?"

"Kowa yana ta amfani da shi, ba wanda..."

"Kowa? Su wa?"

Ya zauna a kan turmi. Ya fara lissafo mata gidajen. Tana tsaye tana ji, har ya kai kan gidan burodi, sai ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Da ta sauke hannun ba kuka take yi ba. Ta ciro leda a jakarta, ta ɗebi toka, ta ɗebi ƙasar gindin katanga, ta tsinki ganyen alayyafo.

"Ni ma da nawa laifin," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Wata goma sha shida ina sa hannu, ban taɓa shiga motar nan na je na gani da idona ba. Tashi mu koma. A gaya wa likita ya auna dalma a jininta."

Aka auna. Likitan, wata mace mai furfura a goshi, ta kira su ofis ta ce abin da ke jinin yarinyar ya ninka abin da ake tsoro sau da yawa, kuma ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da zai riƙa janyo gubar yana fitarwa ta fitsari, za a yi shi zagaye-zagaye, wata da watanni. Za ta rayu in Allah ya yarda. Abin da ya riga ya lalace kuwa, ba ta yi musu alkawari ba. Ta tambaya ina yarinyar ta samu dalma haka.

Uwar Rediyo ta juyo tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ne ya faɗa, da bakinsa, tun daga cikar rami har buhu biyun farko. 'Yarsa ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Baba, ka san da guba a ciki lokacin da ka kawo?"

"An gaya mini."

Ta tashi ta koma wurin 'yarta. Da ya biyo ta zai shiga ɗakin, ta sa hannu ta tare ƙofar, ta tsaya haka har ya juya.

Washegari da sassafe shi da Injiniya suka ɗauki motar kamfani ba tare da sun tambayi kowa ba, suka shiga layin gida-gida. Ta sa masa safar hannu sabuwa da abin rufe hanci. Tana bayani, yana lodi. Wasu suka fito da buhunan da kansu suna salati. Wasu suka ce ya ƙare, alhali ana hango shi a bayan ƙofa. Mai kaji ta ce ba wanda zai taɓa mata ɗakin kaji, sai da Injiniya ta tambaye ta ƙwan da 'ya'yanta suke ci daga ina yake, sannan ta saki tsintsiyar hannunta ta zauna a ƙasa. Mai burodi ya rufe ƙofa ya ce shi bai taɓa ganin wani buntu ba, itace yake amfani da shi, kuma duk wanda ya ɓata masa suna a unguwa zai gamu da shi. Wata tsohuwa da ta sha yi wa Kawu addu'a ta biyo motar har bakin titi tana nuna shi da yatsa.

Suka kankare tokar murahu, suka sare ƙasar tsakar gidaje inda aka yarda, suka ɗure a buhu. A gidansa Kawu ya tuge lambun gaba ɗaya, ya haƙe ƙasar har gwiwa. Matarsa tana zaune a bakin ɗaki tana kallo. Tun ranar asibiti ba ta ce masa ita ta matsa ba, shi ma bai ce mata ba. Ita ma an auna ta an samu, shi ma haka. Suka riƙa shan maganinsu a ɗaki ɗaya kowa yana kallon bango.

Injiniya ta rubuta rahoto ta kai wa hukumar kula da muhalli da hannunta. Ma'aikatan lafiya suka zo layin suka ɗebi jinin yara talatin da ɗaya, aka samu goma sha huɗu da dalma mai yawa, uku aka kwantar. Wata mai ciki a layin baya ta yi ɓari, ba wanda ya iya cewa ko shi ne ko ba shi ba ne.

Da masu bincike suka zo kamfani, Manaja ya karɓe su da sanyin muryarsa. Ya ce shi bai taɓa ba da umarnin a kai komai wurin fasa dutse ba. Ya fito da takardu, kowace da sa hannun jami'ar gwaji, kowace tana cewa an kai ramin siminti. Ya ce abin takaici ne, direba ne ya riƙa karkatar da kaya yana rabawa a unguwarsu, kuma shi da jami'ar 'yan uwa ne, sai a duba. Kawu ya faɗi abin da aka yi a ofis, kalma da kalma. Aka tambaye shi ko akwai shaida, ko a rubuce. Babu. Aka tambaye shi ko Manaja ne ya ce ya kai gidansa. Ya ce a'a, wannan shi ya yi.

Aka sallami Kawu daga aiki a ranar. Injiniya kuwa aka dakatar da ita har a gama bincike. Hukuma ta sa wa tankuna shidan sarƙa da kwaɗo, ta liƙa takarda cewa kada a taɓa su, shaida ne. Kamfanin aka rufe shi kwana goma sha biyu, sannan aka buɗe, don mutum ɗari uku ne suke ci daga cikinsa. Ruwan wankin batura kuwa dole ya bi wani wuri. Ya koma tsohuwar magudanarsa, toka-toka kamar da.

Injiniya ta zo gidan sau ɗaya bayan haka, ta kawo wa matar kawun nata sakamakon gwajin ƙasa. Ta rame. Ta ce ta rubuta wa hukuma sau uku a buɗe tankunan, a haƙa rami, ita za ta riƙa raka motar da kanta, ba a amsa ba. Ta ce yanzu ko sunan buntu aka ambata a ofishin hukumar sai a canza magana, kamar shi ya yi laifin.

"Abin yana aiki, Inna," in ji ta. "Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yana aiki."

Da za ta fita ta gaishe da Kawu, gaisuwa cikakkiya, ta rusuna kamar kullum. Ya so ya kira ta da sunan da ya sa mata, bakinsa ya kasa.

An sallami Rediyo bayan sati biyar. Uwarta ta wuce da ita gidanta, ta samu wata maƙwabciya tana riƙe ta in za ta kasuwa. Kakar takan je. Kawu bai je ba, don ba a ce ya zo ba. Labari yake ji: tana tafiya amma tana jan ƙafar hagu, tana gane mutane, kalmominta ba su fi goma ba, in aka yi ƙara sai ta toshe kunne ta yi ta kuka.

A wata na huɗu da sallamo ta, ranar wata Litinin da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Ba ta gaishe shi ba.

"Yau ne zagaye na uku na maganinta. Mai riƙe ta ba ta da lafiya, Mama kuma jiri take yi, ni ga ɗinkin mutane an zo karɓa. Katin yana cikin jakarta. Ka tsaya har a gama, kada ka ba ta komai a hanya."

Ya je ya ɗauke ta. Ta yi nauyi kaɗan fiye da yadda ya zata. Ta dube shi, ta kama masa kunne ta riƙe, haka suka shiga motar haya har asibiti.

An ware wa yaran unguwar rana guda da benci biyu a baranda. Da ya hawo matakala ya ga mata bakwai zaune da 'ya'yansu, duk ya san su, ya san ƙofar gidan kowace da inda ya saba jingine mata buhu. Hirar da suke yi ta tsaya. Ya yi sallama, biyu suka amsa ciki-ciki. Akwai wuri a ƙarshen benci, bai zauna ba. Ya miƙa katin ta taga, ya koma jikin ginshiƙi ya tsaya da yarinyar a kafaɗa.

Layin ba ya sauri. Rana ta hau, ta shigo barandar. Wajen awa guda yana tsaye, hannunsa na dama da ya fara rauni tun kwanakin baya ya soma rawa, ya mayar da ita hagu. Mai kaji tana kusa da shi a bakin benci, da ɗa a cinya da wata a goye. Aka kira lambarta, ta miƙe, sai ta tuna ta bar takardar gwajin a wurin masu ɗibar jini, can ƙasan bene. Ta duba hagu ta duba dama, kowace mace hannunta a cike. Ta dubi Kawu, ta ɗauke kai, ta sake dubansa.

"Zauna nan," in ji ta. "Riƙe mini shi. Ba ya son a taɓa masa ciki."

Ya zauna. Ya mayar da Rediyo kan cinya ɗaya, mai kajin ta ɗora masa yaron a ɗaya cinyar, ta gyara goyonta, ta sauka da sauri. Yaron ya fara ƙananan kuka. Kawu ya riƙa jijjiga ƙafa a hankali, ta dama da ta hagu, yana kallon ƙofar da za a kira su.